Ranar da takarda ta ce jinina bai haɗu da na mijina ba

A gidanmu in aka ce jinin wane da wane bai haɗu ba, magana ta ƙare, ba sa ga-maciji da juna ke nan. Shi ya sa ranar da muka dawo daga asibiti da sakamakon gwajin dashen ƙoda a farkon shekarar 2021, maigidana ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce likita ta ce jininsa da nawa bai haɗu ba, Hajiya ba ta tambayi komai ba. Ta dube ni ta ƙasan ido ta ce, "To, Allah Ya kyauta." Shekara ashirin da biyu da aure, 'ya'ya biyar a tsakaninmu, amma wannan kallon ya sa na ji kamar an kama ni da wani abu da na daɗe ina ɓoyewa a zuci.

A Zariya aka haife ni, a gidan yawa, mata uku a wurin mahaifinmu. Ɗakinmu mu huɗu ne: Yaya, sai ni, sai ƙanwata, sai autanmu namiji. An yi mini aure a 1999 bayan na gama sakandare, daga ɗakin miji na yi karatun koyarwa, na zama malamar firamare. Ciki shida na yi, ɗaya ya zube. Haihuwa huɗu lafiya lau, ta ƙarshe ce a 2016 ta zo da gardama. Ƙafafu suka kumbura, jini ya hau, na yi jijjiga, aka shiga da ni tiyata cikin dare. Bayan an ciro yarinya jini ya ɓalle. Leda huɗu aka ƙara mini kafin gari ya waye, ɗaya daga ciki ta maigidana ce, tunda rukunin jininmu ɗaya, O, da ɗuminta aka ɗaura mini. Shekara da shekaru in muna wasa yakan ce ai jininsa ne ke yawo a jikina, kada in yi masa rashin kunya.

An sallame ni da maganin hawan jini, na sha wata uku na ajiye, don na ji garau. In kai ya sara sai in aika kemis a sayo mini maganin ciwon jiki, in haɗa da jiƙon da duk wata mai ƙaunata ta kawo. A 2019 na fara tashi da kumburin fuska, abinci ya daina yi mini daɗi, bakina kamar na tsotsi ƙarfe, ga amai da safe har wata abokiyar aikina ta fara yi mini barka. Da aka auna, sai aka ce ƙodojina biyu sun motse, ba sauran gyara, sai wanki.

Ba zan daɗe a kan wankin ƙoda ba, wanda ya yi ya sani. Bututu a wuya, awa huɗu a kwance kina kallon jininki yana fita yana dawowa, ki tashi kamar an yi miki duka. Abin da ya fi ci mini rai ƙishirwa ce. Ruwan da zan sha a yini da ɗan kofi ake auna mini shi, a watan Afrilu, sai in samu gutsuren ƙanƙara in riƙa tsotsa a hankali kamar yarinya da alewa. Sau uku a mako aka rubuta, aljihu ya ce sau biyu, wani makon sau ɗaya. Jinina kullum a ƙasa yake, saboda ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini. Akwai allurar da ke maye gurbinsa, amma tana da tsada kuma sai a firji, ga wuta ba ta zama. Don haka duk lokacin da jini ya faɗi sosai sai a ce a nemo leda. Sau uku aka ƙara mini a cibiyar da nake wanki. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ina da niyyar dashen ƙoda, ba kuma wanda ya ce mini kowace leda tana iya rufe mini wata ƙofa a gaba. Ban riƙe kowa a zuci ba, raina suke ƙoƙarin cetowa a ranar. Amma da an faɗa mini, da na sayar da abin da zan sayar na sayi allura.

Maigidana ne ya fara kawo maganar dashe. Ya ce ya ji an daɗe ana yi a ƙasar nan, tun shekarar 2000 a Legas, Kano ma ta fara a 2002, kuma shi zai bayar. Wani kawuna ya tada maganar halacci, aka je wurin malami, ya ce majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda tun 1988 ta halatta, muddin kyauta ce ba ciniki ba kuma mai bayarwa ba zai cutu ba. Korona ta ci mana shekarar 2020. Da aka buɗe hanya muka je wani asibiti da ke yin aikin, aka duba shi ciki da bai, lafiyarsa ƙalau, ƙoda biyu garau, rukunin jini ɗaya. Mu a ganinmu an gama. Sai aka ce saura gwajin dacewa, aka ɗebi jinina kwalba-kwalba, nasa ma haka, wani ma sai an tura shi ƙasar waje.

Ranar da sakamako ya fito shi ya karɓo ambulan ɗin. Kafin a kira mu wurin likita ya buɗe, idonsa ya faɗa kan kalmar fozitif. Nan take ya yi hamdala, ya kira ƙaninsa, ya kira Yayana, yana ta cewa an dace. Ni ma har na fara hawayen murna. Muka shiga da fara'armu, likitar ta karɓi takardar ta karanta, ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Malam, a wannan gwajin negatif ake nema," ta ce.

Bahaushiya ce, mai haƙuri, kuma Allah Ya saka mata, ba ta sallame mu da Turanci ba. Ta juya bayan takardar ta ɗauki biro ta ce da ni, "Malama, kin san askar gado?" Na ce na sani, kakata tana da ita. Ta ce to kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da irin wannan zane, ana kiransa HLA, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma a dunƙule ake gadon kowane rabi. Da shi garkuwar jiki take bambance ɗan gida da baƙo. Ta zana gida uku, A da B da DR, kowanne da lamba biyu, shida ke nan, ta ce su aka saba dubawa, ko da yake akwai wasu kamar C da DQ. Rashin dacewar zane shi kaɗai ba ya hana dashe, magani yana iya lallashin garkuwa ta haƙura da baƙo. Inda matsala take shi ne idan jiki ya taɓa haɗuwa da wannan zanen a baya, ya riga ya ƙera masa makami ya ajiye. Makamin shi ne antibodi. Kuma hanya uku ce jiki ke haɗuwa da zanen wani: ɗaukar ciki, ƙarin jini, ko dashen da aka taɓa yi.

Ta tambaye ni ciki nawa na yi, har da wanda ya zube. Ta tambayi leda nawa aka ƙara mini, da kuma na wa. Da na ce ɗaya ta maigidana ce sai ta gyaɗa kai kawai. Kowane yaro da na ɗauka rabinsa zanen ubansa ne, wata tara yana kwance a jikina, ga haihuwa da jininsa ke gauraya da nawa. Sau shida jikina yana karanta darasi ɗaya, sannan aka zo aka zuba mini jinin malamin da kansa.

Lambobi iri uku ne a takardar, kuma sai da na yi watanni kafin su zauna mini daram. Na farko PRA, nawa 86. Ma'anarsa in aka jera mutum ɗari daga cikin jama'a, jinina zai yi faɗa da ƙodar kimanin 86 daga cikinsu. Wanda ya haura 80 ana sa shi cikin masu wuyar samun dacewa. Amma likitar ta ce kada wannan lambar ta hana ni barci, jama'a take ƙirgawa, ba ta ce komai ba game da mutum ɗaya da ke tsaye gabana. Mai PRA 90 tana iya dacewa da ƙanwarta tsaf, mai 10 kuma ta ci karo da mijinta.

Na biyu shi ne DSA, wato antibodin da ya saita kan zanen wannan mai bayarwar musamman. Ana gano shi da wata na'ura, Luminex. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin duwatsu kamar tsakiya waɗanda ido ba ya gani, kowane an shafe shi da zane iri ɗaya. Sai a zuba musu ruwan jinin mara lafiya, duk dutsen da antibodi ya maƙale wa sai ya yi haske, ƙarfin hasken kuma shi ake rubutawa da sunan MFI. Yawancin ɗakunan gwaji daga wajen 1,000 suke fara ɗaukar abin da muhimmanci. Maigidana yana da B53 da A2, ni ba ni da ko ɗaya. Hasken da jinina ya yi a kan A2 ya kai 6,000, a kan B53 kuwa ya wuce 14,000. Daga baya na karanta cewa B53 ya yawaita a Afirka ta Yamma, har wani bincike da aka yi kan yara a Gambiya a 1991 ya nuna masu shi sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Abin da ya kare kakanninsa daga sauro shi ya hana shi ba ni ƙoda, kuma yawansa a cikin mutanenmu yana daga abin da ya sa ƙofofi da yawa suka rufe mini.

Na uku shi ne wanda ya gani ya yi murna, kurosmach. Shi ba duwatsu ba ne, gwaji ne na ido da ido. A ɗebi ruwan jinina, a haɗa da fararen ƙwayoyin jininsa masu rai, a ƙara wani sinadari da ake samu daga jinin zomo, a jira a gani. In ƙwayoyin suka mutu, fozitif ke nan. Nasa sun mutu.

Bai haƙura nan take ba. Ya ce, "Likita, a gwada mana, Allah ne mai yi." Ta ce gaskiya ne, amma an riga an gwada a kan wasu. Kafin a san wannan gwajin, akan ɗinke ƙoda lafiyayya, a saki jini ya shiga, cikin mintuna ta yi baƙi a gaban likitoci tun ba a rufe ciki ba. A 1969 wasu masu bincike biyu a Amurka, Patel da Terasaki, suka bi sawun dashen da aka yi: cikin 30 da gwajinsu ya nuna fozitif, 24 ƙodar ta mutu nan take, cikin 195 masu negatif kuwa 8 ne kawai. Tun daga nan ya zama ƙa'ida. Ta ce akwai hanyar rage antibodi, a tace ruwan jini sau da yawa, a yi ƙarin wasu magunguna masu tsada, wasu wuraren suna yi. Amma da irin wannan ƙarfin ita ba za ta sa hannu ba, don ƙarshenta shi ya rasa ƙoda ɗaya, ni in koma kan injin da antibodi fiye da na da. Ta kuma ambaci musaya da ake yi a wasu ƙasashe, mijin wata ya ba ni, nawa ya ba ta, sai dai mu ba mu samu wannan hanyar ba.

A mota bai ce uffan ba har muka iso. Ni kuwa kunya nake ji, kamar ni ce na ƙi shi da gangan. Maganar ta zaga dangi a yadda ya faɗe ta, kowa ya ɗora nasa. Wata ta ce dama zaman haƙuri ake yi. Wata ta ce a binciki sammu. Har wani dillali ya samu lambar maigidana a wurin wanki, ya ce yana da samari masu sayarwa, kowane rukunin jini. Ban da cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, mutumin bai ma san rukunin jini somin-taɓi ba ne a wurin irina.

Sai ɗan farina ya zo. Shekararsa ashirin a lokacin. Mu ba ma sakewa da ɗan fari, ko sunansa ban taɓa kira ba, shi ma bai saba zama kusa da ni ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Umma, a gwada ni." Na ce ba zan karɓa ba. Ya je ya samu ubansa, suka kai jini ba da sanina ba. Rabinsa nawa ne, wannan ba matsala. Ɗaya rabin kuwa shi ne mai B53. Likitar ta ce mai yiwuwa ma shi ne malamina na farko. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon, kuma har yau ban san ko na baƙin ciki ba ne ko na jin sauƙi cewa ba za a yanka mini yaro ba.

Shawarar likita ita ce a koma ɗakinmu. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya daga tukunya ɗaya suka ɗebo: kowane yana da damar ɗaya cikin huɗu ya dace da ni gaba ɗaya, biyu cikin huɗu ya dace da rabi, ɗaya cikin huɗu kuma ba abin da ya haɗa mu. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya ma, a Boston a 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya. Yaya aka fara dubawa, aka tarar yana da ciwon suga bai sani ba, ya zo taimako ya koma da nasa maganin. Ƙanwata rukunin jininta B, bai dace da nawa O ba. Wata 'yar ubana da ba ma wani shiri ta aiko cewa a gwada ta, abin da ban taɓa zato ba, sai dai tana da A2. Kowane gwaji kuɗi ne, kowane jira makonni ne. Saura Auta, tela ne a Kaduna, bai shekara biyu da aure ba, matarsa da goyo. Ban tambaye shi ba. Shi ya kira ni ya ce, "Yaya, wai ni ba ɗan gidan ba ne da aka tsallake ni?"

Sakamakonsa ya nuna rabi muka haɗa. Ɗan'uwa rabin jiki, in ji Hausawa, ni a takarda na gani. Ba B53, ba A2. Amma a ƙasan shafi akwai layi ɗaya: DSA a kan wani zanen A da ke ɗaya rabin nasa, MFI 1,300. Zuwa lokacin na zama ƙaramar likitar waya, ba abin da ban karanta ba. Ina ganin haruffan nan uku na ninke takardar na ce shi ke nan, a bar yaro ya koma kan kekensa. Kwana huɗu ban gaya wa kowa ba.

A nan ne na koyi abin da ya sa na zauna rubuta wannan labarin. Likitar ta ce MFI ba mudu ba ne. Jini ɗaya za a kai ɗakin gwaji biyu su ba da lamba biyu, ko a ɗaki ɗaya ma yau da gobe sukan bambanta. Zanen da ke jikin dutsen a masana'anta aka yi shi, wani lokaci yakan ɗan lanƙwashe, antibodi ya maƙale masa alhali ba zai kula na jikin mutum ba. Akwai kuma akasin haka, antibodi ya yi yawa har wani abu a cikin jinin ya toshe hasken, lamba ta fito ƙarama, shi ya sa akan tsarma jinin ko a sa masa wani sinadari a sake aunawa. Don haka 1,300 tana iya zama ba komai ba, tana kuma iya zama wutar ƙaiƙayi. Sai an haɗa ta da tarihi. Ta ɗauko takardar maigidana ta ajiye kusa da ta Auta, ta bi da yatsa. Tambayarta ita ce ko wannan zanen yana jikin mijina. Da yana da shi, da ko lambar 500 ce za ta ji tsoro, domin jikin da ya koyi zane ta hanyar ciki yana ajiye ƙwayoyin tuni da ba sa fitowa a gwaji, suna kwance sai ranar da baƙon ya dawo su farka gaba ɗaya. Ba ya da shi. Saura yiwuwar ɗaya daga cikin ledojin da ban san masu su ba.

Aka sake ɗibar jini bayan makonni, lambar ta tsaya inda take, da aka tsarma ma ba ta tashi ba. Aka yi kurosmach na zomo, negatif. Aka yi wani mai ido fiye da shi, wanda ake kira fulo, mai gano antibodi ko bai kai ƙarfin kashe ƙwaya ba, a kan fararen ƙwayoyin jini iri biyu, T da B, duka, shi ma negatif. Likitocin suka zauna a kaina. Abin da ta faɗa mana shi ne haɗarin bai kai na hana aiki ba, bai kuma zama babu ba. Za su ba ni maganin danne garkuwa mai ƙarfi a lokacin aikin, wanda shi ma, abin dariya, daga jikin zomo ake samo shi, kuma za su riƙa bibiyar wannan layin bayan dashe. Sharaɗi ɗaya: daga ranar ko ɗigon jinin wani kada ya shiga jikina, in kuwa ya zama dole, duk gwajin ya rushe sai an sake. Ta ce mu je mu yi shawara. Na yi istihara kwana bakwai. Abin da ya fi tsaya mini ba kaina ba ne, matar Auta ce. Na je har Kaduna na same ta a ɗaki, na ce in ba ta yarda ba wallahi ba zan riƙe ta ba. Ta ce, "Yaya, tsoro dai ina ji. Amma in na hana shi, da wane ido zan dube ki?" Ban ji daɗin amsar ba, gaskiya ce dai ta faɗa.

A ƙarshen 2021 aka yi aikin, bayan an maimaita kurosmach ana saura kwana kaɗan. Ba a cire nawa na da ba, a ƙasan mara ta dama aka ɗinka tasa, har yanzu ina jin tudunta in na dafa. Da na farfaɗo abin da na fara gani maigidana ne a tsugune yana kallon ledar fitsari tana cika, yana murmushi kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Kiratinin, wato dattin da ake aunawa a san aikin ƙoda, ya sauko daga sama da 900 zuwa wajen 110 cikin mako guda. Layin nan na 1,300 bai taɓa motsi ba. Aka ce in sha ruwa, in sha da yawa. Na riƙe kofin na kasa kai shi baki.

Hajiya kuwa jikanta ne ya warware mata, ɗan farin nan nawa. Ya zauna ya yi mata bayanin askar gado kamar yadda aka yi mana. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe sawun yaran nan ne." Ba ta ba ni haƙuri da baki ba, ba a san su da haka ba. Awakinta biyu ta sayar ta aiko da kuɗin a ƙulle a bakin zane.

Da a nan labarin ya tsaya da na fito fes. Amma akwai nawa laifin. Magani uku nake sha: takrolimus safe da dare, awa goma sha biyu tsakani ba ƙari ba ragi, da maikofenolet, da firednisolon. Yawancinsu daga waje ake shigo da su. Da aka saki naira a tsakiyar 2023, kuɗinsu ya riƙa tashi kusan duk wata, albashin malamar firamare kuwa yana nan inda yake. Yara uku suna makaranta. Na fara raba ƙwayar dare biyu. Daga nan na koma tsallake ta kwana bi-kwana. In ranar auna maganin a jini ta kusa sai in sha daidai na kwana uku don lamba ta yi kyau, kamar ɗalibar da ke karatu daren jarrabawa. Ba na jin ciwon komai, fitsari yana zuwa, na ce ai jikina ya saba da ƙodar, ta ƙanina ce. Wata bakwai ina wannan, ko maigidana bai sani ba.

A farkon 2024 kiratinin ya hau 160, aka ga furotin a fitsari. Aka tura jini gwajin duwatsu. Tsohon layin yana nan shiru, amma ga sabo a ƙarƙashinsa, a kan DQ na Auta, sama da 5,000, wanda babu shi sam kafin dashe. Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce irin wannan sabon antibodin, musamman na DQ, ya fi fitowa ne idan magani ya yi ƙaranci a jiki, kuma yana cin ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Malama, tsakaninki da Allah, yaya kike shan maganinki?" Maigidana yana zaune a gefe. Na faɗi gaskiya.

Ko a nan ma lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci ba. Sai da aka sa allura aka ciro ɗan gutsuren ƙodar kamar zare aka duba, aka ga kumburi a ƙananan hanyoyin jini da wata alama da ake kira C4d, shaidar cewa antibodin ya fara aiki. Aka kwantar da ni, aka tace ruwan jinina sau biyar, aka yi mini ƙarin maganin da ake haɗawa daga jinin mutane masu yawa. Sarƙata da 'yan kunnen aurena suka tafi, filin da muka saya don yara ya bi su. Abin da na yi tattali a wata bakwai bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka kashe ba. Duk wannan bai kai nauyin kiran Auta ba. Na ce masa na yi wasa da amanarsa. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "Yaya, ni ɗaya ta rage mini, ba ni da wata da zan ƙara miki. In kuɗi ya gaza ki faɗa." Tun daga lokacin shi da Yaya da 'yar uban nan tawa suke haɗa mini wani abu duk wata, na kuma daina jin kunyar karɓa.

Yanzu kiratinin yana yawo wajen 140, bai koma inda yake da ba, kuma an gaya mini ba lallai ya koma ba. DQ ya sauko amma bai ɓace ba. Na daina karanta takarda ni kaɗai a mota, sai na kai ta gaban likita ta jera ta kusa da na baya, don ita alkiblar da lambobin suka dosa take dubawa tare da fitsari da kiratinin. Na koma aji. Wayata tana ƙara ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, in na yi jinkiri 'yan ajina ne ke cewa, "Malama, magani." Ranar asibiti nakan leƙa ɗakin wanki, in na ga mace mai ƙuruciya an rataya mata leda nakan matsa kusa in tambaye ta haihuwarta nawa, ko tana tunanin dashe, ko ta gaya wa likitanta, in kuma ce ta riƙa rubuta kowace leda da ranar da aka sa mata. Wasu su saurara, wasu su ɗauke ni mai shisshigi.

Maigidana har yau in mun yi 'yar hayaniya yakan ce ba mamaki, takarda ma ta faɗa. Ni kuma in ce masa B53, a yi dariya a wuce. Gwajin duwatsu na gaba watan jibi ne. Kwasata ta adashe watan gobe ce, na riga na gaya wa uwar adashe kada ta ba ni a hannu, ta tura wa maigidana ya ajiye.